Nawa Ne Ya Yi Yawa? Shiri Kan Ƙungiyar Masana Ilimin Guba

[Kiɗan buɗe shiri]

 Yau za mu leƙa wani taro ne da ake yi can Amurka, wanda da wuya ku ji labarinsa a kanun labarai. Amma abin da ake jayayya a kansa a wurin yana biyo mu har cikin kwalbar maganin tarin yara da buhun waken da ke jingine a ɗaki.

Duk watan Maris, mutane sama da 5,000 kan hallara a wani babban birni na Amurka, su shafe kwana huɗu ko biyar suna magana a kan guba. A 2024 birnin Salt Lake City suka sauka, a 2025 kuma Orlando ta jihar Florida. Mai shirya taron ita ce Society of Toxicology, ƙungiyar masana ilimin guba, wadda ake taƙaita sunanta da SOT. Ofishinta yana garin Reston a jihar Virginia, kuma tana da mambobi wajen 8,000 daga ƙasashe fiye da 60. Ana kafa alluna jere-jere a wani makeken zaure, kowane mai bincike ya manna takardar sakamakonsa ya tsaya a gefe, masu wucewa suna tsayawa suna yi masa tambayoyi. Ɗalibin da bai gama digirinsa ba zai iya tsintar kansa yana kare aikinsa a gaban farfesan da ya rubuta littafin da yake karantawa. A kowace shekara irin waɗannan takardu sukan haura 2,000.

To, me suke nema? Tambayarsu guda ce, ko da yake tana da rassa: nawa ne ya yi yawa? Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Paracelsus, wanda ya rasu a 1541, shi ake danganta wa ra'ayin cewa yawan abin da ya shiga jiki ne ke raba magani da guba. Ku ɗauki farasitamol, wanda babu gidan da ba a san shi ba. Babban mutum mai lafiya ba a so ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya takwas na mai miligiram 500, kuma a rarrabe. Idan ya zarce da yawa, hanta ce za ta ji a jikinta, domin wurin sarrafa maganin takan fitar da wani sinadari mai illa wanda take iya kawar da kaɗan daga cikinsa, amma idan ya yi mata yawa sai ya fara cin ta. Abin tsoron shi ne, a ranar farko mutum zai iya jin garau. Sai bayan kwana biyu ko uku idanu su yi ɗorawa.

Wannan lamba ta giram 4, da dubban irinta, ba daga sama suka faɗo ba. Ga abin da ake sa wa abinci ko wanda ke saura a jikin amfanin gona, tsohuwar hanyar ita ce a ciyar da ɓeraye sinadarin a matakai daban-daban, wani lokaci har shekara biyu, wato kusan tsawon rayuwar ɓera. A auna nauyinsu, a gwada jininsu, daga baya a duba hanta da ƙoda da sauran kayan ciki. Sai a nemo mataki mafi girma da bai nuna wata illa ba. Daga nan a raba shi gida 100: goma saboda mutum ba ɓera ba ne, wata goman kuma saboda mutane ba ɗaya suke ba, akwai jariri, akwai mai ciki, akwai tsoho mai ciwon ƙoda. Masana biyu na hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, wato Arnold Lehman da Garth Fitzhugh, su suka shimfiɗa wannan tsari a 1954. Ku lura, wannan ɗarin hukunci ne na hankali da taka-tsantsan, ba a cikin kwalbar gwaji aka gano shi ba. Abin da aka gina a kan hukunci kuwa dole a riƙa waiwayarsa, kuma ƙungiya irin wannan ita ce zauren da ake waiwayen.

Kafin a kai ga wannan taka-tsantsan, an yi asarar rayuka. A 1937 wani kamfani a jihar Tennessee, S.E. Massengill, ya so ya mayar da maganin sulfanilamide na ruwa don yara su iya sha. Mai haɗa musu magani ya narkar da shi a cikin wani ruwa mai zaƙi-zaƙi da ake kira diethylene glycol, ya ƙara masa ƙamshin 'ya'yan itace. An ɗanɗana, an shinshina, an ga ya yi kyau a ido, amma ba a gwada shi a kan ko dabba ɗaya ba, kuma dokar wancan lokaci ba ta ce a gwada ba. Mutane fiye da 100 suka mutu, da yawansu yara, ƙodarsu ta tsaya. Shekara ta zagayo, a 1938, majalisar Amurka ta yi dokar da ta wajabta a nuna cewa magani ba ya cutarwa kafin a kai shi kasuwa.

Cikin waɗanda suka yi gwajin da ya tabbatar da cewa ruwan narkarwar ne ya yi kisan, akwai wata ɗaliba 'yar Kanada a Jami'ar Chicago, Frances Oldham, wadda duniya ta sani daga baya da Frances Kelsey. A 1960 ta kama aiki a FDA, kuma cikin takardun farko da aka ɗora mata har da na wani maganin barci da ake ba masu ciki don tashin zuciya, thalidomide. Ana sayar da shi a Jamus da Ingila da ƙasashe da dama. Ita kuwa ta ce hujjojin ba su gamsar da ita ba. Kamfanin ya yi ta matsa mata lamba, ta ƙi sa hannu. Zuwa ƙarshen 1961 gaskiya ta fito: jarirai sama da 10,000 aka haifa a duniya da guntayen hannuwa da ƙafafu. A 1962 Shugaba Kennedy ya ba ta lambar girmamawa.

A tsakiyar wannan yanayi ne, cikin watan Maris na 1961, wasu masana tara suka kafa SOT a birnin Washington, Lehman ɗin da na ambata yana cikinsu. Kafin nan masu wannan aiki a warwatse suke, wannan a sashen harhaɗa magunguna, wancan a masana'anta, wani a ofishin gwamnati, ba su da inuwa ɗaya.

Yanzu bari in dawo da mu gida, domin wannan ruwa na 1937 bai tsaya a Tennessee ba. A 1990 yara 47 suka rasu a asibitin koyarwa na Jos bayan sun sha farasitamol na ruwa da aka haɗa da diethylene glycol. A ƙarshen 2008 maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya yi ajalin yara 84 a Legas da Zariya da wasu wurare. A 2022 ƙasar Gambiya ta rasa yara wajen 70 sakamakon magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a watan Oktoba. Sinadari ɗaya, alama ɗaya: amai, sannan yaro ya daina fitsari. Dalilin ma ɗaya ne. Ruwan da ya dace a narkar da magani a ciki, gilisarin ko makamancinsa, ya fi tsada, shi kuwa wannan na masana'antu ne mai araha, kuma a ido da harshe ba ka raba su. Ni a ganina babu wani sabon ilimi da aka rasa a Jos ko a Gambiya. An san komai tun 1937. Abin da aka rasa shi ne wanda zai ɗebi kaɗan daga kowace ganga ya sa a na'ura kafin a fara zuba wa kwalabe, da kuma hukumar da za ta tabbatar an yi hakan.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan ƙungiyar masana ilimin guba ta SOT da abin da ya haɗa mu da ita.

Ban da taron shekara, ƙungiyar tana da mujalla mai suna Toxicological Sciences da maɗaba'ar Jami'ar Oxford ke bugawa, kuma ba a buga aikin kowa sai wasu masanan sun tsefe shi sun nemi kuskurensa. Tana da rassa na yankuna, da sassa na fannoni: masu nazarin ƙarafa, masu nazarin abin da ake shaƙa, masu nazarin illa ga ƙwaƙwalwa, masu nazarin illa ga ɗan tayi. Tana shirya kwasa-kwasai, tana ba da lambobin yabo, ɗaya ma da sunan Lehman. Jarrabawar ƙwarewa kuma wata hukuma ce ta daban ke yin ta, American Board of Toxicology, da aka kafa a 1979, kuma takardar shaidarta ba ta mutu-ka-raba ba ce, duk shekara biyar sai an sabunta.

Akwai al'ada ɗaya a taron da take burge ni. Kowace shekara akan zaɓi batu mai zafi, a tsayar da masani ɗaya daga SOT, ɗaya daga takwararta ta Turai, EUROTOX, wannan ya goyi baya, wancan ya yi suka, jama'ar zaure su nuna wanda ya fi gamsar da su. Bayan wasu watanni, idan aka je taron Turai, sai a maimaita muhawarar, amma su yi musayar matsayi. Wanda ya kare batun a Amurka shi zai rushe shi a Turai. Mutumin da aka tilasta wa ya nemo hujjar abokin hamayyarsa da kansa, da wuya ya koma gida yana ganin shi kaɗai ne mai hankali.

To, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Su wane ne ke zaune a zauren? Akwai malaman jami'a, akwai ma'aikatan gwamnati, akwai kuma ma'aikatan kamfanonin da ke yin magungunan da sinadaran da ake magana a kansu. Haɗuwar tana da amfani, domin na kamfani ya san kayansa ciki da bai. Sai dai maroƙi ba ya zambo ga mai gidan da ya ba shi riga, kuma tarihin dalma ya isa misali.

A 1923 aka fara zuba sinadarin dalma a cikin man fetur a Amurka don injin mota ya daina ƙwanƙwasa. Shekara guda bayan haka ma'aikata biyar suka mutu a wata matatar mai a jihar New Jersey, bayan sun fita hayyacinsu. Duk da haka aka ci gaba. Kusan shekara arba'in, muryar da aka fi ji a kan dalma ita ce ta Dakta Robert Kehoe na Jami'ar Cincinnati, wanda shi ne babban likitan kamfanin da ke sayar da sinadarin, kuma kamfanonin ne ke ɗaukar nauyin ɗakin bincikensa. Matsayinsa shi ne dalma a jikin mutum abu ne na ɗabi'a, jiki yana fitar da ita, kuma muddin ba ta kai 80 a ma'aunin jini ba, babu damuwa. Wannan ma'auni shi ne maikirogiram a cikin kashi ɗaya bisa goma na litar jini. Ku riƙe lambar nan ta 80, za mu bi ta.

Wanda ya fara girgiza wannan matsayi ba masanin guba ba ne ma. Clair Patterson masanin duwatsu ne, yana ƙoƙarin auna shekarun duniya ta hanyar dalmar da ke cikin duwatsun da suka faɗo daga sararin sama. Sai ya ga duk abin da ya taɓa a ɗakin gwaji ya gurɓata da dalma: ƙura, ruwa, har gashin kansa. Ya bi sawu zuwa ruwan teku da ƙanƙarar da ta daɗe a daskare, ya nuna cewa dalmar da ke jikin mutanen zamani ta ninka ta mutanen da sau da yawa, kuma hayaƙin mota ne babban tushenta. Ya buga wannan a 1965, ya kuwa gamu da fushin masana'antar. Na biyu likitan yara ne, Herbert Needleman. Shi haƙoran da yara ke famfara ya tara, daga 'yan makaranta sama da 2,000 a kusa da Boston, domin haƙori yana ajiye tarihin dalmar da ta shiga jiki. A 1979 ya nuna cewa yaran da haƙoransu suka fi dalma sun fi rauni a gwajin basira da natsuwa a aji, alhali ba wanda ya taɓa cewa ba su da lafiya. An zarge shi da murɗe sakamako, aka yi bincike, ba a same shi da laifin ƙirƙirar alƙaluma ba.

Ga yadda lambar ta yi ta sauka a wurin hukumomin lafiya na Amurka game da yara. A shekarun 1960 ana maganar 60. Aka dawo 40, sannan 30, sannan 25 a 1985, sannan 10 a 1991, sannan 5 a 2012, sannan 3.5 a 2021. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka sani ba ya illa. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun bar fetur mai dalma zuwa farkon 2006, Aljeriya kuma ita ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Dalma ba ta canza hali ba a tsawon waɗannan shekaru. Masu aunawa ne suka canza, da masu biyan su. Shi ya sa a yau ƙungiyar take da ƙa'idojin ɗa'a, kuma mai gabatar da bincike a taro ko a mujalla sai ya bayyana wanda ya ba shi kuɗin aikin. Wannan bai kawar da son zuciya ba, amma aƙalla mai sauraro ya san da wa yake magana. Idan kun ji an ce masana sun ce abu kaza ba ya cutarwa, ba rashin ladabi ba ne ku tambaya: waɗanne masana, kuma wa ya ɗauki nauyinsu?

Mu a nan, ba sai an ba mu labarin dalma daga littafi ba. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka ji labarin yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Yaro ya fara amai, ya shiga jijjiga, ya sume. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani, bai yi aiki ba. Kafin yaran, an ga agwagi suna mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Da aka aika jini ɗakin gwaji a Turai, sai ga dalma. Farashin zinariya ya tashi a lokacin, mutane suna kawo duwatsu daga ramuka zuwa cikin gida, ana fasawa, ana daka a turmi, ana niƙawa a injin, ana shanyawa a tsakar gida. Dutsen kuwa cike yake da dalma. Ƙurar ta sauka a ƙasa inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki, ta shiga hatsi, ta shiga ruwan sha. Cikin yaro kuma yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba ke tsotsa, musamman yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki.

Da hukumar CDC ta Amurka ta bi gida-gida a ƙauyuka biyu, ta tarar cewa kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Na'urar gwajin jini ta tafi-da-gidanka iyakarta 65, kuma yara da dama sun zarce abin da take iya karantawa. A wasu an samu ɗaruruwa. Jimillar waɗanda suka rasu aƙalla 400, a Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke da Bagega da maƙwabtansu. Akwai magani na sha da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, amma masana suka dage a kan abu guda: ba amfani a wanke jinin yaro a mayar da shi tsakar gidan da ta sa masa ciwon. Don haka aka fara da ƙasa. Injiniyoyin kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da mutanen ƙauyukan, suka kankare saman ƙasar gidaje da fartanya, aka kwashe aka binne a ramuka na musamman, aka zubo sabuwa. Bagega, wadda ta fi girma, sai 2013 aka yi nata, bayan an daɗe ana jiran kuɗi daga gwamnatin tarayya. A 2015 abin ya sake ɓulla a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka rasu. Duk mai sana'ar haƙar zinariya da ke jin mu: a bar dutse a daji, a jiƙa shi kafin a niƙa, a yi wanka a canza tufafi kafin a shiga gida a ɗauki yaro.

[Gajeren kiɗa]

Me ake tattaunawa a zaurukan SOT a 'yan shekarun nan? Babban batu shi ne rage dogaro da dabbobi. Tun 1927 ake da gwajin da ke neman adadin da zai kashe rabin dabbobin da aka ba, kuma an daɗe ana ƙorafi a kansa. Yanzu ana rainon ƙwayoyin hanta da na ƙodar mutum a cikin 'yan na'urori, ana kuma sa kwamfuta ta yi hasashen illar sinadari daga siffarsa. Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabbobi tun 2013, kuma a ƙarshen 2022 Amurka ta cire sharaɗin cewa dole sai an gwada sabon magani a kan dabba kafin a gwada a kan mutum. Jayayyar ita ce ko 'yan ƙwayoyi a faranti za su iya faɗin abin da zai sami jiki sukutum. Sai kuma sinadaran PFAS, waɗanda ake sa wa tukwanen da abinci ba ya kamawa da kumfar kashe gobara, ba sa ruɓewa, suna taruwa a jini. A watan Afrilu na 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa wa biyu daga cikinsu iyakar kashi 4 cikin tiriliyan a ruwan sha.

Waɗannan damuwar masu hannu da shuni ce, in ji wani. Da gaskiyarsa ta wani ɓangare. Namu matsalolin sun fi kusa da baki. Akwai gubar funfuna, afalatoksin, wadda aka gano bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. Tana kama gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, dafuwa ba ta kashe ta, tana jawo sankarar hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. A Kenya a 2004 ta kashe mutum 125 da suka ci gurɓatacciyar masara. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage ta. Akwai kuma wake. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar dichlorvos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya da Sniper, wanda wasu ke zubawa a buhu don gudun ƙwari. Turawa sun auna sun mayar. Wanda ya rage a kasuwarmu, wa ya auna shi?

Ga kuma batun waccan goma da aka ware don bambancin mutane. A Afirka ta Yamma mutane da yawa, musamman maza, an haife su da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD. Jaririn da ke da wannan, idan aka naɗe shi da kayan da aka adana da ƙwallon kafur na cikin akwati, jininsa na iya farfashewa, shawara mai tsanani ta kama shi. Irin wannan sai masanin da ke zaune cikin jama'ar ne zai sa shi a gaba. A cikin SOT akwai rukunin masana 'yan asalin Afirka, kuma akan ba da tallafin tafiya ga masu bincike daga ƙasashe masu tasowa. Akwai uwar ƙungiya ta duniya, IUTOX, da aka kafa a 1980, wadda ke shirya taro na musamman kan matsalolin ƙasashe masu tasowa, an taɓa yin sa a Alƙahira da Afirka ta Kudu. Yankinmu ma yana da tasa ƙungiyar ta Afirka ta Yamma, WASOT. Ɗaliban harhaɗa magunguna da kimiyyar sinadarai da likitan dabbobi da ke sauraro, ga fage nan a buɗe, masu shiga kuwa ba su da yawa.

A Amurka akwai lambar waya guda da uwa za ta kira dare ko rana idan ɗanta ya haɗiyi wani abu, ƙwararre ya gaya mata abin yi. Ƙasa da rabin ƙasashen duniya ne ke da irin wannan cibiya, kuma Afirka na cikin inda aka fi ƙarancinsu. Saboda haka ga abin da ƙwararren zai ce, iyaye mata da maza ku saurara. Idan yaro ya sha kananzir ko fetur, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko madara. Amai ne ke tura man cikin huhu, kuma huhun ne ke kisa. Idan maganin ƙwari ne ya zube masa, a tuɓe kayan, a wanke jiki da ruwa da sabulu, mai wankewar ma ya kare hannunsa. Dalalar miyau da gumi da ƙanƙancewar ƙwayar ido alamu ne na irin su fiya-fiya, kuma asibiti na da allurar da ke karya shi idan an isa da wuri. Wanda ya sha farasitamol fiye da kima, ko yana cewa lafiyarsa lau, a kai shi, domin makarinsa ya fi aiki cikin awa takwas na farko. Yaron da ya sha maganin ruwa ya yini bai yi fitsari ba, a dakatar da maganin a nufi asibiti. A kowane hali a tafi da kwalbar ko ledar ko gwangwanin, a kuma lura da lokacin da abin ya faru, domin tambayoyin farko da likita zai yi ke nan. Kananzir da maganin feshi kuma kada a zuba su a gorar lemo ko ta ruwa, a ajiye su a mazubinsu na asali, sama, inda hannun yaro ba ya kai.

Nan za mu dakata a shirin na yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]